Babi na Biyar: Sojan da Ba Shi da Gidan Komawa

Duk inda aka ɗauko hirar zuwan Turawa, ko a majalisar dattawa a Gaya ko a ajin 'yan makaranta a Doso, sai wani ya jefo tambayar nan: su Turawan nan nawa ne ma? In aka tara Jamusawan da suka ci Togo da Kamaru, ba za su cika kasuwar ƙauye ɗaya ba. To yaya aka yi 'yan tsiraru suka ƙone garuruwa, suka tuɓe sarakuna, suka kora dubban mutane aikin tilas? Samari masu kallon fina-finan yaƙin Hitila kuma tasu tambayar ita ce: duk kisan da aka yi a Rasha da Folan, Jamusawa ne suka yi shi da hannunsu?

Amsar tambayoyin biyu daga rijiya ɗaya take fitowa. Bature ya zo da bindiga, amma sau da yawa wani ne ya riƙe masa ita. Sai dai ba kowa ne zai yarda ya cinna wa rumbun maƙwabcinsa wuta ba. Mai gona da iyali da dangi, wanda gobe zai haɗu da mutane a masallaci da wurin suna, yana da abin jin kunya. Saboda haka mai mamaya yakan nemi wani irin mutum dabam: bawa, ko ɗan kaso, ko wanda aka kama a yaƙi yunwa tana cinsa. Mutumin da in ya ajiye bindiga ba shi da inda za shi.

Mutanen kan iyaka ba sa bukatar dogon bayani a kan wannan lissafi. Mai kayan fasa-ƙwauri ba ya hawa babur da kansa ya bi hanyar daji tsakanin Kamba da Gaya. Yaron da ba shi da aikin yi yake ba kayan. In an tsallake, riba tasa. In 'yan duwan sun kama, yaro ne a kaso, shi kuwa Alhaji bai taɓa ganinsa ba.

Jamus a bakin Kwara

Wani zai ce me ya haɗa Gaya da Jamus, mu da Faransa ta mulka? Saura ƙiris labarin ya zama wani. A 1894 wata tawagar Jamusawa ta taso daga Togo ƙarƙashin Hans Gruner, ta nausa arewa ta Sansanin Mango har ta iso Sayi a farkon 1895. Daga nan suka gangaro Kwara zuwa wajen Ilo, ka ga ke nan ruwan da ke wucewa gaban Gaya suka biyo. A watan Afrilu Gruner ya shiga Gwandu zamanin Sarki Umaru Bakatara, ya koma gida yana kaɗa takarda, wai Gwandu ta shiga inuwar Jamus. Ingila da Faransa ba su ko kalli takardar ba. Yarjejeniyoyin 1897 da 1898 suka tsayar da Jamus can a arewacin Togo, suka raba bakin kogi tsakanin Faransa da Ingila.

Abin lura a tafiyar shi ne, Turawan da ke jagorancinta uku ne. Sauran ayarin, masu ɗaukar kaya da masu bindiga, baƙaƙen fata ne. Tun 1885, da Jamus ta kafa 'yan sandanta na farko a Togo, Hausawa ta fara ɗauka. Ba ita ta ƙirƙiro wannan ba. Ingilishi sun riga ta a Ikko tun 1863, inda wani hafsansu mai suna Glover ya haɗa rundunarsa da bayin da suka gudo daga iyayengijinsu. A bakin teku a lokacin, duk wanda ya fito daga arewa yana jin Hausa, Bahaushe ne a takardar Bature, ko da Banufe ne ko Babarbare ko Bazabarme. Abin da Bature yake so a jikinsu shi ne nisan gida: ba su da ɗan'uwa a garin da za a tura su.

Cinikin Behanzin

Wanda ya tsallaka gadar Malanbil ya miƙe hanyar Kwatano zai ratsa Bohikon, dab da Abome, tsohuwar fadar Dahome. A nan aka ƙulla cinikin da ya haifi rundunar Jamus ta farko a Kamaru.

A 1891 Sarki Behanzin yana shirin karawa da Faransa, bindigogi yake nema ido rufe. Kamfanonin Jamus da ke bakin teku suna da bindigogi, shi kuma yana da kamammun yaƙi da dakarunsa suka kwaso daga maƙwabta. Wani hafsan Jamus mai suna Karl von Gravenreuth, wanda aka ba aikin buɗe cikin ƙasar Kamaru, ya sayi mutum 370, maza da mata. A takarda an rubuta cewa fansarsu aka yi, an 'yanta su. Sharaɗin 'yancin kuwa shi ne su yi wa gwamnatin Jamus aiki shekara biyar ba albashi, sai abinci, wai don su biya kuɗin da aka kashe a kansu. Ko a ƙasar Hausa, bawan da ke biyan murgu yana da ranakun kansa da ɗan abin da yake tarawa. Waɗannan ko anini.

Da yawansu sun iso Kamaru a rame, ciwo ya kwashe wasu tun kafin a koya musu harbi. Shi kansa Gravenreuth bai ci ribar cinikinsa ba, don a watan Nuwamba na shekarar mutanen Bakweri suka kashe shi a Buya, a gindin dutsen Kamaru. Waɗanda suka rage aka sa musu kaki, aka haɗa su da Hausawa da mutanen Laberiya da aka ɗauko da albashi, aka ce ga 'yan sandan Kamaru. Sunan 'yan sanda ne kawai. Aikinsu shi ne a tura su garin da ya ƙi bin umarni su ƙone shi. A yaƙe-yaƙen da aka yi da mutanen Abo da Bakoko sun yi abin da aka sa su, har da ƙari, ba kuwa za mu wanke su ba. Amma duba yadda zaman barikin yake: ƙarshen wata na kusa da kai ya karɓi kuɗi, kai da kuka shiga wuta tare ka tashi da hannu biyu. Matarka kuma tana shara da noma a lambun gwamna, ita ma kyauta.

Daren 15 ga Disamba

A 1893 gwamna ya tafi hutu, riƙon ƙasa ya faɗa hannun mataimakinsa, Heinrich Leist, lauya ne da karatunsa. Shi ne wanda daga baya aka tabbatar yana sa a fito masa da matan da ke tsare a kaso da dare. Ranar 15 ga Disamba ya ce matan sojojin Dahome sun yi lalaci a wurin aiki. Ya sa aka tara su a filin bariki a Duwala, aka tuɓe su, aka zane su da bulalar dorina. Mazajensu kuma aka jera su a sahu, aka ce su tsaya su kalla.

Da dare ya yi, maza kusan hamsin suka fasa ma'ajiyar makamai, matansu suna ɗauko musu harsashi. Suka afka ɗakin cin abincin Turawa suna neman Leist, suka harbe wani alƙali mai suna Riebow a zaton shi ne. Leist da sauran Turawa suka tsere zuwa jiragen ruwa. Mako guda cur fadar gwamnatin Jamus a Kamaru tana hannun bayin da Jamus ta saya da kuɗinta, sai da jirgin yaƙi mai suna Hyäne ya iso ya buɗe wuta aka ƙwace ta. Mazan da aka kama, kusan talatin, aka rataye su. Matan aka tura su aikin tilas a gonaki.

Labari ya kai Balin. August Bebel, jagoran 'yan gurguzu a majalisa, ya sa aka kawo bulalar dorina zauren don wakilai su gani da idonsu. Aka gurfanar da Leist gaban kotun ladabtar da ma'aikata. Hukuncin farko: a sauya masa wurin aiki, a rage masa albashi. Sai da jama'a suka yi ca aka ɗaukaka ƙara, a 1895 aka kore shi daga aiki. Bai kwana kaso ba. Ya tattara ya koma Shikago ta Amurka ya ci gaba da aikin lauya.

Darasin da Jamus ta ɗauka daga wannan bai wuce na ɗan kasuwa ba: sojan da ba a biya yana da haɗari. Aka kafa sabuwar runduna mai albashi, aka je har Masar aka ɗauko Sudaniyawa, aka ƙara da Hausawa da mutanen Saliyo da Laberiya, daga baya da 'yan ƙasa. Ita ce ta ci Garwa a ƙarshen 1901. A Janairun 1902 kuma, ƙarƙashin Hans Dominik, ta tari dawakin Fulani a Marwa da bindiga mai ruwan harsashi, ta karya Lamido Zubairu wanda Ingilishi suka riga suka kora daga Yola. Bayan albashi akwai ganima, har da matan da aka kama a raba wa sojoji. A cikin masu danna kunamar bindiga a ranar akwai Musulmi masu jin Hausa, waɗanda suke harbi ma haka.

Ƙarshen wannan runduna ya zo da Yaƙin Duniya na Ɗaya. Togo ta faɗi a Agustan 1914, Garwa a Yunin 1915, dutsen Mora ya riƙe har Fabrairun 1916. Sojoji baƙaƙe kusan 6,000 suka bi iyayengijinsu zuwa yankin da Sifaniya ke mulka a maƙwabtaka, aka tsare su a tsibirin Fernando Po. Wasu kuma kaki kawai suka sauya. Chari Maigumeri ya shiga sojan Jamus yana saurayi, Ingilishi suka kama shi a Garwa, a 1917 ya koma rundunarsu, ya yi musu yaƙi har Habasha da Bama a yaƙin Hitila. Yau akwai barikin soja mai sunansa a Lakwaja.

Mafarautan Dirlewanger

Kada mai karatu ya ɗauka cewa wata igiya ce ta miƙe daga Duwala zuwa Hitila. Zamani dabam ne, girman ɓarnar ma ba a haɗa su. Abin da ya yi kama shi ne lissafin masu ba da umarni, wanda a yaƙi na biyu aka kai shi inda hankali ba ya ɗauka.

Oskar Dirlewanger tsohon soja ne na yaƙi na ɗaya, mai digirin dakta, mashayi. A 1934 kotu ta ɗaure shi shekara biyu saboda lalata da ƙaramar yarinya. Amma yana da aboki a sama, Gottlob Berger, babba a rundunar SS ta Hitila. Berger ya samo masa wuri a yaƙin basasar Sifaniya, ya sa aka share masa laifi. A 1940 aka ba shi runduna ta kansa: masu farautar sata da aka fito da su daga kurkuku, mutum hamsin da 'yan kai, bisa hujjar cewa wanda ya iya bin sawun barewa a daji zai iya bin sawun mutum. Da tafiya ta yi tafiya aka daina tambayar wa ya iya farauta. Aka zubo ɓarayi, da masu kisan kai, da sojojin da kotun soja ta ɗaure, da Rashawa da 'yan Yukren da aka kama. Alkawarin ɗaya ne: ka yi yaƙi, a yafe maka. Ladabtarwa kuwa duka ce da harbi nan take.

Daga 1942 aka tura su Belarus farautar mayaƙan sunƙuru. Yadda suke farautar shi ne su kewaye ƙauye, su kora kowa cikin rumbu ko coci, su kulle, su sa wuta, su harbe duk wanda ya fito. In suna zargin an binne nakiya a hanya, sai su sa mata da yara a gaba su taka. Dubun-dubatar mutane suka hallaka a hannunsu a can. Wasu hafsoshin Jamus sun kai ƙararsu, har wani alƙalin SS ya nemi a kama Dirlewanger tun yana Folan. Berger ya tare, shugaban SS Himmler ya ƙara masa girma. Wanda ya sayi rariya ai ya san za ta zubar da ruwa.

A Agustan 1944 birnin Warso ya yi bore. A unguwar Wola, cikin 'yan kwanaki daga 5 ga wata, aka kashe fararen hula tsakanin 40,000 da 50,000, har da majinyata a kan gadajen asibiti. Mutanen Dirlewanger suna gaba-gaba a wannan aiki, an kuma ba shi lambar yabo a kansa.

Ba duk rundunar 'yan kaso ce ta zama haka ba, adalci ne a faɗa. Runduna ta 999, wadda aka kafa a 1942 aka tura wani sashenta Tunisiya a 1943, kusan kashi ɗaya cikin uku na mutanenta 'yan adawar Hitila ne da aka ɗaure saboda siyasa. Da yawa da suka samu sarari sai suka miƙa wuya ga abokan gaba, wasu a Girka suka koma wajen mayaƙan ƙasar. Ko Dirlewanger, da aka cika masa sahu da fursunonin siyasa a ƙarshen 1944, ɗaruruwansu suka tsallaka wajen Rashawa a kan iyakar Hangari.

'Yan ƙasa a gaban 'yan ƙasa

Bayan 'yan kaso, kashi na biyu su ne waɗanda aka ci ƙasarsu suka koma karnukan farautar wanda ya ci ta. Nan ma yunwa ta yi aiki: fursunonin yaƙi na Tarayyar Sobiyat sama da miliyan uku suka mutu a hannun Jamus, saboda haka wanda aka ce masa ga kaki ga miya, ba ƙaramar jarrabawa aka yi masa ba. Amma in ɓera da sata, daddawa ma da wari. Akwai waɗanda ƙiyayyar Yahudawa, ko haushin Stalin, ko kwaɗayin ganima ya kawo su da ƙafarsu.

Ranar 22 ga Maris 1943 aka ƙone ƙauyen Khatyn na Belarus da mutum 149 a ciki, 75 yara ne. Tare da mutanen Dirlewanger, bataliya ta 118 ce ta yi aikin, akasarinta 'yan Yukren. A Rasha kuma wani injiniya, Bronislav Kaminski, wanda gwamnatin Stalin ta taɓa ɗaurewa, ya samu Jamusawa suka bar masa yankin Lokot yana mulki da dakarunsa sama da dubu goma. Da aka kai wani sashensu Warso, suka bar yaƙi suka dukufa fashi da fyaɗe a unguwar Ochota.

Faransa ma ta ga nata, kuma da hannun 'yan Afirka a ciki. A farkon 1944 wani ɗan daba na Faris, Henri Lafont, ya haɗa wa Jamusawa runduna ta 'yan Arewacin Afirka mazauna birnin, aka tura su kudu maso yamma farautar 'yan gwagwarmaya. Cikin shugabanninta akwai Alexandre Villaplane, haifaffen Aljeriya, wanda ya riƙe kyaftin na ƙungiyar ƙwallon ƙafar Faransa a gasar kofin duniya ta farko a 1930. Caca da zamba suka kai shi kaso, daga kaso ya faɗa hannun Lafont. Sana'arsa a kaki ita ce ya kama mutane ya karɓi kuɗin fansa, wanda ba shi da kuɗi a harbe.

Wa ya biya?

Kaminski bai ga ƙarshen yaƙi ba. Iyayengijinsa ne suka harbe shi a ƙarshen Agustan 1944, ba don jinin da ya zubar ba, sai don ganimar da ya riƙe wa kansa da rashin jin umarni, sannan suka gaya wa mutanensa wai 'yan sunƙuru ne suka yi masa kwanton ɓauna. Lafont da Villaplane, Faransa ta harbe su a Disamban 1944. Dirlewanger ya ɓuya a kudancin Jamus, aka gane shi, ya mutu a wurin tsaro a garin Altshausen a Yunin 1945, da alamun duka a jikinsa. Shekaru ana raɗe-raɗin wai yana Masar da ransa, sai da aka tono kabarin a 1960 aka tabbatar shi ne. Hryhoriy Vasiura, babban hafsa a bataliya ta 118, ya ɓoye tarihinsa har ya zama mataimakin shugaban wata gonar gwamnati kusa da Kiyef, yana zuwa makarantu a matsayin tsohon soja. Sai a 1986 aka yi masa shari'a a Minsk, aka kashe shi a 1987.

Yanzu dubi na sama. Berger, wanda ba don shi ba da babu rundunar Dirlewanger, an yanke masa shekara 25 a 1949, aka sake shi a 1951, ya rayu har 1975. Janar Heinz Reinefarth, wanda ya jagoranci dakarun da suka shiga Wola, Folan ta yi ta neman a miƙa mata shi, aka ƙi. A 1951 aka zaɓe shi magajin garin Westerland, wurin shaƙatawa a bakin teku, daga baya ya zama ɗan majalisar jiha, ya mutu a gidansa a 1979 ba a taɓa yanke masa hukunci ba. Dominik na Marwa kuwa gunki aka yi masa, wanda ya tsaya a gaban jami'ar Hambag har ɗalibai suka kayar da shi a ƙarshen shekarun 1960.

Jamus dai ba ta samu bakin Kwara ba, amma wanda ya samu bai zo da wani lissafi dabam ba. Shekara huɗu bayan wucewar Gruner, a farkon 1899, wani ayari ya taso daga bakin kogi a arewa da Sayi ya nufi gabas: Faransawa 'yan ƙalilan, sojoji baƙaƙe ɗaruruwa, da 'yan sa-kai da aka yi wa alkawarin bayi da shanu a madadin albashi. Sun bi ta Lugu inda Sarauniya ta tare su, suka wuce Birnin Ƙonni. A babi na gaba za mu bi sawun jagororin ayarin, Voulet da Chanoine, zango-zango, mu ga su wa suka riƙe musu bindiga, da kuma yadda aka yi waɗannan bindigogi suka juyo kansu.